Itacen Jirgin Esquel

Mako uku cur Don Zenón Painefil ya yi yana shirin tafiyar da ba ta wuce ta yini guda ba. Duk wanda ya shiga kantin Río Chico a watan Yulin nan, ko da gishiri ya je saye, ba ya fitowa sai ya ji a wace kujera za a zauna, a wane gefe, da wace taga ce ba ta shigar da iska.

Idon matarsa ne ya ta da maganar. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta kama Doña Eufemia, har ta kai ba ta bambance mijinta da turken doki sai in ya yi magana, shi kuwa ba ya daɗewa bai yi ba. 'Yarsu da ke aiki a Esquel ta aiko cewa likitan ido zai zo daga babban birni, mako ɗaya tak zai yi, ba zai sake leƙowa ba sai baɗi, kuma ta samo wa uwar ranar Alhamis. Jirgin ƙasa kuwa sau biyu yake bi ta garinmu zuwa kudu, Talata da Asabar. Wanda ya rasa na Talata ya rasa likita.

Da farko Eufemia cewa ta yi ba inda za ta. Ta san ɗakinta da hannu, ta san awakinta da murya, me ya rage da ba ta taɓa gani ba? Zenón ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi kwana biyu yana ƙin abincinta yana zagawa kanti yana ci a ɓoye. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi: in sanyi ya shiga ƙashinta a cikin jirgin nan, za ta sauka a El Maitén wurin ƙanwarta Nicanora, kuma kada wani ya sake yi mata zancen wuƙa a ido har ta mutu. Ta sa aka aika wa Nicanora ta zo tasha da keken doki ta jira. Kowa a gari ya san ba sanyi take tsoro ba, wuƙar ce. Hanyar zillewa kawai ta nema, ta kuwa zaɓi mai faɗi, don Yuli a ƙasarmu tsakiyar ɗari ne.

Zenón ya bugi ƙirji ya karɓa. In dai zancen sanyi ne, an zo gidansa. Mutumin da ya kwana uku a ƙarƙashin dusar ƙanƙara a shekarar babban ɗari, shi da tumaki tara, ya fito da ransa, yatsun ƙafa biyu kawai ya bari a can. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin ayarin masu askin tumaki daga wannan gandu zuwa wancan, rabin tafiyar a cikin wannan jirgi. Irinmu da muka ga wancan ɗari muka rayu, ko baƙi ɗaya ba mu sani ba a takarda, amma babu mai koya mana yadda ake zama da ɗumi.

Jirgin kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya san gefen dama rana ke duka in an fuskanci yamma, tunda ranarmu ta arewa take ratsewa. Ya san kujerar da ke kan ƙafafun tarago tana kaɗa hanji, ta bakin ƙofa kuma iska ce ke cin ta. Sai dai duk wannan sani na taragon talakawa ne, mai bencin katako, inda kowa ke shigowa da damin itacensa ya jibge a gindin murhun ƙarfen da ke tsakiya. A can, shiga ba itace daidai yake da shiga gidan mutum ba gaisuwa. Wutar ta kowa ce: a kanta ake tafasa ruwan mate, shayinmu da ake tsotsa daga ɗan duma, a gasa haƙarƙarin rago, a shanya safar da ta jiƙe.

Zenón ya ce matarsa ba za ta zauna a kan katako ba. Ya sayar da fatun da ya tara, ya yanki tikitin taragon manya, inda bai taɓa sa ƙafa ba tun da aka shimfiɗa dogon. Ya dai sha leƙawa ta taga in jirgi ya tsaya. Ya ga kujeru masu laushi an lulluɓe da fata, ya ga labule, ya ga murhu an goge shi yana sheƙi. Ya kuma lura da abu guda, wanda a kansa ya ɗora dukan shirinsa: bai taɓa ganin babban mutum ya shiga taragon nan da itace a kafaɗa ba. Akwati kawai suke riƙowa. Ke nan a can komai yi wa mutum ake yi.

Don haka da safiyar Talata, bayan Eufemia ta sa an loda damin itace da buzu biyu da buta da kaskon suya a keken doki, sai ya bi bayanta yana saukewa. Ta ji ƙarar buta a ƙasa, ta tambayi dalili. Ya ce so take a yi musu dariya, su shiga cikin manya da tarkace kamar masu gudun yaƙi?

"Tsohuwa, yau ke matar manaja ce. Hannu kawai za ki naɗe."

"Matan manajoji ba su da ƙashi ne?"

"Suna da shi, amma ɗumama musu ake yi."

A tasha suka iske Belarmino, wanda ya riƙe musu 'yarsu ranar baftisma. Tun daga ranar suke kiran juna kompadre, tun kafin ranar kuma suke zagin juna. Shi ma kudu zai je wajen wani garke, yana ɗauke da damin itace da rabin rago, igiyar zarge a naɗe a kafaɗa. Ya dubi hannun Zenón na dama, ya dubi na hagu.

"Kompadre, ina itacenka? Ko da bakinka za ka ɗumama ta?"

"Je ka zauna da kajinka. In kun ji ƙamshin turare daga gaba, mu ne."

Belarmino ya cire hula ya gai da Eufemia, ya ce mata in ta gaji da turare, talakawa suna baya can, taragon ƙarshe.

Mutum biyu suka tarar a taragon manya. Ɗaya mai sayen ulu ne, ya naɗe cikin wata riga mai gashin dila a ciki, bargo a gwiwa, fulas a gefensa. Ɗayan ma'aikacin gwamnati ne, ba a ganin komai nasa sai safar hannun da ke riƙe da jarida. Zenón ya yi gaisuwa irin tamu, da ƙarfi, har da tambayar iyali. Mai ulu ya ɗaga gira. Mai jarida ya juya shafi.

Ya zaunar da Eufemia a gefen dama, kujera ta biyu daga murhu, yadda ya tsara. Laushi kam akwai shi, ba ƙarya. Amma fatar kujerar ta sha sanyi tun daga Jacobacci inda jirgin ya taso, zama a kanta kamar zama a kan dutsen bakin rafi. Ranar da aka yi shiri dominta ta leƙo sau ɗaya ta koma bayan gajimare. Zenón ya miƙa bayan hannu ya taɓa murhu, sannan ya ɗora tafi gaba ɗaya. Ya buɗe ƙofar murhun. Toka.

Da mai duba tikiti ya zo, ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Mutumin ya ce ai itacen taragon manya aune ake ba da shi, wanda aka ba su a Jacobacci ya cinye tuni, wani kuma sai El Maitén. Manya ba su damu ba, da kayan sanyinsu suke tafe. Sai a lokacin Zenón ya san abin da ke cikin akwatunan nan da ya yi shekaru yana hangowa ta taga.

"Tsoho," in ji Eufemia, "ban ji ƙarar wuta ba."

"Wutar manya ba ta ƙara."

"Ɗumi fa?"

Ya ce ta ɗan yi haƙuri, a hankali take kamawa. Ya zare poncho, mayafinsa na ulu, daga wuyansa ya lulluɓa mata a ƙafa, ya zauna daga shi sai kwat ɗin zuwa coci, yana ba ta labarin duwatsun da ake wucewa don kada ta ji haƙoransa suna haɗuwa.

Bayan sa'a guda ta sanar da shi cewa ba ta jin yatsun ƙafarta. Bayan wani ɗan lokaci ta ce ya kai idon sawu. Ba da fushi take faɗa ba, a natse take kawo rahoton, kamar wadda ake amsa mata addu'a a gaban idonta. Da ta ce ya kusa gwiwa, sai ta tambayi tasha nawa ta rage kafin El Maitén. Ya ce uku.

Ya zauna yana lissafin mafita. Ya je ya roƙi Belarmino itace? Gara ya haɗiyi wuƙar askin tumaki. Ko da ya cire kunya ma, ba za ta yiwu ba, don doka ce da ba wanda ya rubuta ta amma kowa ya san ta: itacen da ya shiga tarago ya zama na murhun taragon, ko tsinke ba a fitarwa.

Sai ya tuna da hawan da ke gabansu. Akwai wani tudu mai tsawo bayan tashar Chacay inda ɗan jirginmu ke nishi kamar tsohon jakin da aka yi wa lodin gishiri. Mutum yana iya sauka ya zaga bayan ƙaya, ya dawo ya hau taragonsa ba tare da ya yi sauri ba. Da aka fara hawan, ya ce wa Eufemia zai je ya gai da direba, tsohon abokinsa ne. Ya fita baranda, ya taɓa wuƙar da ke ƙugunsa, ya dira cikin ƙanƙara.

Aikin ya yi masa kyau da farko. Yana tafe a gefen jirgi yana tumɓuke busassun saiwoyin ƙaya, cikin ɗan lokaci ya cika hannu. Da ya koma da wannan, da an hura wuta an zauna lafiya. Amma sai ya hango wani kututture can nesa da dogo, kamar taku talatin, busasshe ƙayau, girmansa ya kai rago. Irin itacen da in ya kama, sai an isa Esquel yana garwashi. Ya hango kansa yana shiga da shi gaban mai ulu da mai jarida. Ya watsar da saiwoyin, ya nufi kututture.

Ya haƙa da wuƙa, ya yi shuri, ya sa kafaɗa. Kututture ya yi gardama, sannan ya saki. Ya kwance bel ɗinsa ya ɗaure shi, ya saɓa. A daidai nan ya ji muryar jirgi ta canza. Nishin ya daina, ƙafafun ƙarfe sun fara waƙarsu ta gangara. An gama hawa.

Shekararsa saba'in da uku, yatsun ƙafarsa takwas, kututture a kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da wando. Yaran yanzu da zama za su yi su fashe da kuka. Zenón gudu ya yi. Taragon manya ya wuce shi da labulensa. Taragon kaya ya wuce. Saura na ƙarshe, wanda tagoginsa duk sun buɗe, kawuna sun cika su, wasu suna ce masa ya yar da itacen, wasu suna ce masa ya yar da wandon. A barandar baya kuwa ga Belarmino tsaye, yana kaɗa igiya a saman kansa kamar mai shirin kama maraƙi.

Igiyar ta sauka a kan kututture, ta shaƙe. Maza uku suka kama suka ja. Zenón bai saki ba. Ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya bi kututturen da ciki, ta cikin ƙanƙara da tsakuwa da ƙaya, har sai da wani hannu ya cafki wuyan kwat ɗinsa, wani ya cafki abin da ya samu, aka jefa shi a baranda kamar buhun ulu. Daga baya an tambayi Belarmino me ya sa ya zargi itacen bai zargi mutumin ba. Ya ce a cikin su biyun wanda ya fi amfani ya zaɓa.

Suka shigar da shi ciki yana haki. Hularsa ta tafi. Kwat ya tsage daga wuya har ƙasa, ya zama riga biyu. Tsakuwa ta aske masa gashin baki na gefen hagu, na dama yana nan a murɗe yadda ya gyara shi da safe. Belarmino ya yanko guntun igiya ya ɗaure masa wando. Kafin numfashinsa ya dawo ya iya magana, an riga an sa wa kututture gatari, rabinsa yana cikin murhu yana ci bal-bal.

"Na matata ne," in ji Zenón.

Wata tsohuwa mai tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ana ce mata Doña Presentación, ita ce ta amsa. Ta ce Don Zenón ya fi kowa sanin doka a nan, don da idonta ta taɓa ganin ya hana wani ɗan sanda fita da garwashi. Amma ta tuna masa da ɗaya rabin dokar: wanda ya kawo itace mafi girma, nasa ne bencin gindin murhu.

"Itace ba ya zuwa wurin mata, ɗan'uwa. Kawo matar wurin itace."

Zenón ya miƙe, ya ce shi tikitin manya ya yanka, kuma matarsa ba za ta zauna tsakanin kaji da haƙarƙarin rago ba. Belarmino ya cika ɗan duman mate da ruwan zafi ya miƙa masa, ya bari sai da ya tsotsa sau biyu, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Kompadre, Ñorquinco ce gaba, daga ita sai El Maitén. Kujera kake so, ko idonta?"

Ya shanye, ya mayar da duman, ya bi ta baranda zuwa baranda har taragon manya.

Ya tarar da ita inda ya bar ta, a miƙe kamar an dasa. Ashe mai ulu ya yi magana a bayansa, karon farko tun safe: ya gaya mata ya ga mijinta yana kokawa da itace kuma jirgi ya bar shi. Ita kuma ta ce masa zai dawo, mutuwa ta taɓa ɗaukarsa ta mayar saboda surutu. Amma da Zenón ya zauna, nan take ta miƙo hannu tana lalube shi. Ta shafa kafaɗarsa a jiƙe, ta bi tsagar kwat da yatsa har ƙasa.

"Direban yana lafiya?"

"Tsohuwa, ban taɓa shiga taragon nan ba sai yau. Ta taga nake ganinsa."

"Na sani."

"Ni na sauke itacen, ni na sauke buzun. Laifina ne."

A shekara arba'in da shida na aure ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba, tana bukatar wurin ajiye ta. Sannan ta ce masa sanyi ya shiga ƙashinta tun kafin hawan, sharaɗi ya cika, a El Maitén za ta sauka. Bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa: ta yarda ta yi sauran tafiyar a gindin wuta, kada ya miƙa wa Nicanora yayarta a sandare, don ba zai sake shan ruwa a gidan nan lafiya ba.

Da jirgi ya tsaya a Ñorquinco, ya riƙe hannunta suka sauka, suka taka a gefen taragu har na ƙarshe. Tun kafin su kai hancinta ya gaya mata inda za su: hayaƙi, kitsen rago, jiƙaƙƙen ulu. Aka ɗaga ta sama, aka tashi daga bencin gindin murhu, wani ya shimfiɗa buzu, wata ta cire mata takalma ta jingina ƙafafunta a kan itace kusa da wuta. Duman mate ya zagayo. Ba wanda ya tambaye ta yadda turaren manya yake sai Belarmino, shi ma sau ɗaya.

Ba ta daɗe da zama ba ta karkata kunne. Wata amarya tana soya torta, irin fankenmu na fulawa, a kasko, Eufemia ta ce kitsen bai yi zafi ba, daga ƙararsa ta ji, haka fulawa za ta sha mai ta zama soso. Ta ce a miƙo mata kwaɓin. Ta matsa shi da yatsa, ta ce a ƙaro ruwan ɗumi kaɗan, ta naɗe hannun riga. Kafin a jima ita ke yanka tana hudawa, amarya tana jefawa in an ce ta jefa, tana kwashewa in an ce ta kwashe.

Doña Presentación ta matso kusa da ita. Ta ce ta ji an ce wurin likitan ido za ta. Ita bara aka yi mata. Allura ce guda, daga nan sai mutum ya riƙa jin kamar ana shara a wani ɗaki. Wahalar ba a nan take ba, sai ranar da aka kwance bandeji. Shekara shida ba ta ga mijinta ba, tana ɗauke da fuskarsa ta dā a zuciya, aka buɗe mata ido sai ga wani tsoho ba haƙori yana mata murmushi.

"Na ce wa likita, ɗana, in ba ka zubar da yanar nan ba, mayar min da abata."

Tarago ya ɗauki dariya, har Eufemia sai da ta share hawaye da bayan hannu. Zenón, wanda ya raɓe a bakin ƙofa saboda kunyar rigarsa, ya ji zuciyarsa ta ɗan ɗago. Amma da jirgi ya busa don El Maitén, sai ta kakkaɓe fulawa daga hannunta, ta nemi takalmanta.

"Tsoho, ɗauko ƙunshina."

Ya ɗauko. Bai ce komai ba, abin da ya sa mutane da yawa suka juyo suka dube shi.

A El Maitén jirgi yakan daɗe, don a nan ake canza kan da ke jansa. Nicanora tana nan da keken dokinta, da bargo biyu da tubali mai zafi a naɗe cikin tsumma. Ta rungumi yayarta, ta kai ta har ta ɗora ƙafa ɗaya a matakin keke. Sai ta waiwaya don ta gai da mijin yaya. Ta buɗe baki, gaisuwar ba ta fito ba. Ta kama ƙafar keke ta durƙushe da dariya.

"Mijin yaya, da damisa ka yi kokawa, ko ita ce ta yi da kai?"

Eufemia ta tambayi me ake wa dariya. Nicanora ta fara bayani, ta kai kan gashin baki, dariya ta ƙwace mata magana. Mutanen tarago da suka sauko miƙe ƙafa suka kawo taimako. Wani ya ce kwat ɗin ya zama fukafukai. Wata ta ce a'a, wandon za a duba, an ɗaure shi da igiyar maraƙi. Wani ya ce duk ba su ga komai ba, fuskar ce abin kallo, rabi alƙali rabi ɓarawon akuya, ga ta a sunkuye. Har mai jarida ya ɗaga labule yana leƙe. Eufemia tana tsaye, ƙafa ɗaya a keke ɗaya a ƙasa, tana juya kai daga wannan murya zuwa waccan. Gabanta kuwa ba komai sai wata inuwa mai tsawo da ta yi shiru.

"Shekara arba'in da shida," ta ce, "ina jiran ranar da zan ga kunya a fuskar mutumin nan. Ranar ta zo. Kowa ya gani, har kaji, ban da ni."

Ta sauke ƙafarta daga matakin.

Ta kira shi ya matso, ta kama gaban kwat ɗin ta ba da umarni a gaban shaidu: kada ya ɗinke, kada ya wanke, kada ya daidaita gashin bakin, kada ya sayi bel. Haka zai zauna har ranar da za a kwance mata bandeji. Zenón ya ce aiki sai Alhamis, bandeji kuma wa ya san ranarsa, haka zai riƙa yawo a titin Esquel, garin da 'yarsu ke da mutunci?

"Ko wata guda ne."

Ya ɗan yi tunani, ya ɗaga kai. Ya ce mutumin da ya kwana uku da tumaki tara, wata guda da rabin gashin baki ba komai ba ne a wurinsa. Muryarsa ta dawo gaba ɗaya, har dokin Nicanora ya zabura.

Eufemia ta sa aka kwashe bargunan ƙanwarta da tubalin, ta ce za ta mayar a dawowa. Suna shirin hawa sai ga mai duba tikiti, ya ce an hura murhun taragon manya yanzu, kujerunsu suna jira. Ta ce ya yi musu godiya, tana da sauran kwaɓi a baya, kuma in aka bar wa yarinyar nan ɓata shi za ta yi.

Jirgi ya busa, ya ja. Zenón ya dawo gindin murhu ya zauna da tsagaggen kwat ɗinsa a buɗe, don kowa ya gani da kyau, ya fara ba da labari ga waɗanda suka hau a El Maitén. Kafin a kai Leleque kututturen ya kai girman sa, gudun ya kai rabin yini. Belarmino yana gyara masa, ba wanda ke sauraron gyaran.

Eufemia kuwa tana kan kwaɓinta. Da ta gama kwaɓin ta wanke hannu, sai ta laluba ta kama hannun Doña Presentación, ta ja ta kusa. A hankali ta tambaye ta ko allurar nan da zafi. Tsohuwar ta ce da zafi mana, kamar harbin kudan zuma, amma kafin mutum ya gama zagin likita ya wuce. Eufemia ta gyaɗa kai. Ta gyara zaman tubali a ƙarƙashin ƙafarta, ta ce to a faro mata tun daga farko, daga shiga ƙofar ɗakin, kuma kada a tsallake komai.